'Yan Cek da 'Yan Tailan Mazauna Ƙetare: Me Ya Raba Arzikinsu?

Tambaya: Ina nazari kan ƙaura da ci-rani. Na sha jin ana cewa 'yan Cek da ke zaune a ƙasashen waje masu hali ne, alhali 'yan Tailan ba su wuce aikin gona da gidan abinci da shagon tausa ba. Shin haka abin yake? In haka ne, me ya jawo?

Amsa: Malam, akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma yadda ake faɗarta yana sa mutum ya zaci wani ya fi wani ƙwazo ko dabara, kuma ba nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya raba su shi ne zamanin da kowa ya fita, da irin takardar da ya shiga da ita, da kuma inda kuɗin da ya samu suke kwana, wato a ƙasar da yake zaune ko a ƙauyen da ya baro.

Sai dai kafin nan a duba ƙidayar kanta, don nan mafi yawan masu rubutu kan wannan batu suke tuntuɓe. A Amurka mutanen da ke cewa tsatsonsu Cek ne sun haura miliyan ɗaya, amma mafi yawansu jikoki ne da tattaɓa-kunnen waɗanda suka sauka kafin yaƙin duniya na ɗaya. Ba sa jin harshen, wasu ko ƙasar ba su taɓa takawa ba. 'Yan Tailan kuwa sun ɗan haura dubu 300, kuma da yawa daga manyansu a can gida aka haife su. Wanda ya jera kuɗin shigar waɗannan biyun kafaɗa da kafaɗa, gidan da ya shekara 130 yana tara gado ya gwada da gidan da bai cika shekara 30 ba. Akwai wani tarkon kuma: in aka ce "haifaffen Tailan", ana kwaso har da 'yan ƙabilar Hmong na Laos da 'yan Karen na Bama waɗanda aka haifa a sansanonin gudun hijira irin su Ban Vinai da Mae La. Waɗannan ba 'yan Tailan ba ne, kuma talaucin da suka iso da shi yana jan alƙaluma ƙasa. Haka a Jamus, "haifaffen Cekoslobakiya", wato tsohuwar ƙasar da ta haɗa Cek da Slobakiya, ya haɗa da Jamusawan yankin Sudeten, kusan miliyan 3, da aka kora bayan 1945.

Fitar 'yan Cek ta farko mai yawa ta soma ne bayan 1848, shekarar da daular Ostiriya, wadda ke mulkinsu a lokacin, ta soke aikin tilas da manoma ke yi wa masu ƙasa, wanda ake kira robota. Manomi ya samu damar sayar da ɗan filinsa ya biya kuɗin jirgin ruwa, ya tafi da mata da 'ya'ya gaba ɗaya. Wannan tafiya da iyali tana da muhimmanci, don mai tafiya da iyalinsa ba shi da wanda zai riƙa aika wa kuɗi duk wata. Sun kuma tafi da karatu. Tun 1774 aka wajabta makarantar firamare a ƙasashen Ostiriya, saboda haka kusan duk wanda ya sauka daga Bohemiya ko Morabiya, yankunan 'yan Cek, ya iya karatu da rubutu, da yawa kuma suna da sana'a a hannu: ƙira, kafinta, ɗinki, yin sigari, fawa.

Suka kuma faɗo a kan gaɓa. Dokar rabon filaye ta Amurka ta 1862 ta ba duk ɗan ƙasa, ko wanda ya rubuta niyyar zama ɗan ƙasa, eka 160, kimanin hekta 65, da sharaɗin ya zauna ya noma shekara biyar, ya biya dala 18 na takarda. Da wannan 'yan Cek suka kafu a Nebraska. A Texas dokar ba ta yi aiki ba, don jihar ta riƙe filayenta, sai suka fara da hayar gonar auduga har suka saya. Waɗanda suka zauna a birane, Shikago da Cleveland da St. Louis, suka kafa ƙungiyoyin taimakon juna masu inshorar mutuwa da ta rashin lafiya, ta farko a St. Louis a 1854, da ƙananan asusun ajiya masu ba da bashin gina gida. Kowa ya zuba 'yan kuɗinsa duk mako, in layi ya zo kansa ya karɓi bashi ya sayi gida. Zuwa 1931 har sun fitar da magajin garin Shikago, Anton Cermak.

Ga abin da ake mantawa: a daidai wancan lokacin ƙofar a kulle take ga mutumin Siyam, tsohon sunan Tailan. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1790 ta keɓe wannan haƙƙi ga fararen fata, dokar 1917 ta saka Siyam cikin yankin Asiya da aka hana shiga, kuma sai a 1952 aka cire sharaɗin launin fata. Ƙofar ba ta buɗe sosai ba sai da dokar shige da fice ta 1965. Lokacin an gama raba ƙasa, an gama gina unguwanni, na gaba ya yi gaba.

Don kada a ce jini ne, a leƙa Biyena, babban birnin Ostiriya, a wajajen 1900. 'Yan Cek sama da dubu 100 ne a birnin, kuma su ne 'yan aikatau, masu dafa abinci a gidajen masu kuɗi, da leburorin masana'antar jan bulo a Wienerberg, inda ake cusa iyalai da yawa a ɗaki ɗaya, kuma har ƙarshen shekarun 1880 ana biyansu da kwabban kamfani da ba sa sayen komai sai a kantin wurin. Halin da ɗan Cek ke ciki a can bai da maraba da na ɗan Tailan a gonar Isra'ila a yau.

Fita ta biyu ta siyasa ce: bayan 'yan gurguzu sun karɓi mulki a Fabrairun 1948, da kuma bayan tankokin Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta sun shiga Firag, babban birnin ƙasar, a Agustan 1968. Masu gudun galibi injiniyoyi ne, likitoci, malaman jami'a, 'yan jarida da masu fasaha. Zamanin cacar baka ne tsakanin gabas da yamma, don haka aka tarbe su hannu bibbiyu, aka ba su mafaka da izinin aiki da darasin harshe. Kanada kaɗai ta karɓi kusan dubu 12 bayan 1968. Iyalin Madeleine Albright sun isa Amurka a 1948, ita kuma ta zama sakatariyar harkokin waje a 1997. Takalmin Bata ma da aka sani a kasuwanninmu, daga garin Zlin ya samo asali a 1894, ɗan mai kamfanin kuma ya koma Kanada a 1939. Waɗannan 'yan gudun hijira ba su da hanyar komawa, kuma tallafa wa dangi ta bayan shingen gurguzu abu ne mai wuya, saboda haka abin da suka samu a wurin ya zauna.

Fita ta uku ba ta ma cancanci a kira ta hijira ba. Tun 1 ga Mayu 2004 ɗan Cek ɗan Tarayyar Turai ne. Birtaniya da Ailan da Siwidin sun buɗe masa kasuwar aiki nan take, Jamus da Ostiriya sai 2011. A cikin Tarayyar ba biza, ba dillali, ba mai gidan da ke riƙe da izininsa. Takardar likita, ma'aikacin jinya, likitan haƙori, mai haɗa magani da mai zanen gini ana amincewa da ita kai tsaye a ƙarƙashin dokar Tarayyar ta 2005. Ƙarfin wannan ya fito fili a ƙarshen 2010, lokacin da likitocin asibiti kusan 3,800 suka miƙa takardar ajiye aiki suna barazanar tsallakawa Jamus, gwamnati ta ƙara albashi. Dubban mutane kuma suna kwana a gida su tsallaka jihohin Jamus na Babariya ko Saksoni aiki da safe. In aikin bai yi ba, mutum ya hau bas ya koma ƙasar da rashin aikin yi a cikinta yake cikin mafi ƙanƙanta a Turai, inda abin da ke faɗa wa kowane mutum na arzikin ƙasa ya kai wajen dala dubu 30 a shekara. Na Tailan wajen dala dubu 7 ne.

Yanzu ga 'yan Tailan, waɗanda ba tafiya ɗaya suka yi ba. Ayarin farko bayan 1965 ɗalibai ne da likitoci da ma'aikatan jinya daga Bankok, da yawansu jikokin 'yan kasuwar Sin. Waɗannan ba su da abin da za su yi wa ɗan Cek hassada a kai. Ayari na biyu matan sojojin Amurka ne, daga garuruwan da aka kafa sansanonin jiragen yaƙi lokacin yaƙin Biyetnam: Udon Thani, Ubon, Korat, Nakhon Phanom. Duk waɗannan a yankin Isan suke, arewa maso gabas, inda kusan kashi ɗaya cikin uku na al'ummar ƙasar suke, kuma yankin da ya daɗe yana cikin mafi talauci, noman shinkafa sau ɗaya a shekara da ruwan sama. Ayari na uku, mafi yawa, 'yan ƙwadagon kwantiragi ne, su ma galibi daga Isan. Ci-rani ne zalla, sai dai da jirgin sama.

A nan ya kamata a tsaya, don yadda ake shirya tafiyar shi ke yanke hukuncin abin da za a dawo da shi. Dillali yakan shigo ƙauye, sau da yawa ɗan garin ne da ya taɓa zuwa. Ya haɗa mutum da kamfanin ɗaukar ma'aikata, a yanka masa kuɗi: kamasho, tikiti, gwajin asibiti, fasfo, biza. Ba shi da su, sai ya kai takardar gonar gidansu jingina wajen banki ko mai ba da bashi da ruwa. A misali kawai, a ce ya ci bashin baht dubu 150, kuɗin Tailan, a kan ruwan kashi 3 cikin 100 duk wata: baht 4,500 ke nan kowane wata kafin a taɓa uwar kuɗin, a ƙasar da mafi ƙarancin lada a yini bai wuce baht 400 ba. Yana sauka, bizarsa ɗaure take da mai gida ɗaya ko sana'a ɗaya. In aka ƙi biyansa kuɗin ƙarin awoyi, ko ɗakin kwana ya zama kwantena ba iska, ba ya iya yin ƙorafi, don kora na nufin komawa gida da bashi da asarar gonar uwarsa. In ya gudu ya nemi wani aiki, ya zama marar takarda. Iyali ba sa binsa, shekarun da ya yi kuma ba sa kai shi ga zama ɗan ƙasa.

Isra'ila misali ce mai kyau. Kafin yarjejeniyar gwamnati da gwamnati da ta fara aiki a wajajen 2012, ma'aikacin gona yakan biya dillalai kusan dala dubu 10. Bayanta kuɗin suka sauko wajen dala dubu 2. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, amma sauya hanyar ɗauka ta mayar masa da ladan watanni da yawa aljihunsa. Duk da haka wa'adin zaman shekara biyar da wata uku ne. Kimanin dubu 30 ne ke can lokacin harin Hamas na Oktoban 2023, da yawa a gonakin da ke dab da Gaza, shi ya sa 'yan Tailan suka fi kowane baƙi yawa cikin waɗanda aka kashe da waɗanda aka yi garkuwa da su.

Wanda ya dogara da ƙofa ɗaya, ranar da aka rufe ta ya shiga uku. A shekarun 1980 Saudiyya ce babbar kasuwar 'yan ƙwadagon Tailan. A 1989 wani ma'aikaci ɗan Tailan ya sace kayan ado daga fadar wani yarima, aka kashe jami'an diflomasiyyar Saudiyya a Bankok, dangantaka ta lalace, ba a gyara ta ba sai Janairun 2022. A Koriya ta Kudu hanyar hukuma tana buƙatar cin jarrabawar harshe, da shekaru tsakanin 18 da 39, da jiran mai gida ya zaɓe ka. Masu gajen haƙuri sai su shiga a matsayin 'yan yawon buɗe ido su maƙale. Sun haura dubu 100, ana ce musu phi noi, wato ƙananan fatalwa, don ba inshora, ba asibiti, ba wurin kai ƙara. A Siwidin da Finlan kuma, daga Yuli zuwa Satumba, dubbai ke zuwa tsinkar 'ya'yan itacen daji. A cire musu kuɗin jirgi, masauki, abinci, hayar mota da mai. Shekarar da dajin bai yi 'ya'ya ba wasu da bashi suke komawa.

Mafi munin abin da aka gani a Amurka shi ne na El Monte, kusa da Los Angeles. Ranar 2 ga Agusta 1995 hukuma ta fasa wani gida da aka kewaye da waya mai ƙaya, ta tarar da 'yan Tailan 72, akasari mata, suna ɗinkin tufafi ba dare ba rana, wasu shekara bakwai ba su fita ba. Wannan shari'a tana cikin abin da ya haifar da dokar kare waɗanda aka yi fataucinsu ta 2000.

A Turai siffar al'ummar daban ce: mata ne. A Jamus fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan Tailan mata ne, a Siwidin kusan kashi uku cikin huɗu, mafi yawa ta hanyar aure suka zo. Alƙaluma suna yaudara a nan, don in aka auna kuɗin gida za a ga matsakaicin hali, albashin miji ne. In aka auna na matar ita kaɗai sai a ga shara, kicin, masana'antar abinci, kula da tsofaffi ko tausa. Tun 2007 Jamus ke neman shaidar jin Jamusanci na matakin farko kafin bizar aure, kuma sai auren ya shekara uku a ƙasar kafin matar ta samu izinin zama na ƙashin kanta. Wadda ta faɗa hannun mugun miji, lissafin shekarun nan take yi tana haƙuri. Takardar jinya ko ta koyarwa da ta zo da ita kuma ba a karɓarta kai tsaye kamar ta 'yar Cek.

Gidan abinci kuwa ba haka kawai ya zama sana'arsu ba. Sana'a ce da ba ta neman takardar makaranta ko harshe mai zurfi, iyali na iya riƙe ta, kuma a 2002 gwamnatin firaministan Tailan Thaksin Shinawatra ta mayar da ita manufar ƙasa, da horar da masu girki da bashi mai sauƙi, don a yawaita gidajen abincin Tailan a duniya. Jarin farko yakan fito daga adashi, wanda suke yi da gwanjo: wanda ya fi sa ruwa mai yawa shi ke ɗaukar zubin watan. Matsalarsa irin ta kowane adashi ce, in uwar adashi ta gudu ko mutum biyu suka ɗauka suka ɓace, ba kotun da za a je da takarda. Ribar gidan abinci siririya ce, haya da ma'aikata suna cinye ta, kuma sau da yawa wanda ake matsa wa a kicin ɗan'uwa ne marar takarda. Shi ya sa a Thai Town ta Los Angeles, unguwar da aka ba wannan suna a hukumance a 1999, za ka ga mai gidan abinci uku da mai wankin kwanon da ke kwana su shida a ɗaki ɗaya, duk ana kiransu al'umma ɗaya.

Sai maganar inda kuɗi ke kwana, wadda a ganina ta fi kowace nauyi bayan takarda. Tsohon ɗan Cek yana da fansho da inshorar lafiya a gida, ɗansa da ke Munik ba dole ne ya ciyar da shi ba. Tsohuwar da ke Isan kuwa, in ba ta yi aikin gwamnati ko na kamfani ba, tallafin tsufa take karɓa, baht 600 a wata daga shekara 60, yana hawa har 1,000 ga mai 90. Ba ya kai ta ko'ina. Ga kuma abin da suke kira bunkhun, bashin alherin iyaye, wanda ya fi hawa kan 'ya mace: ɗa namiji na iya saka wa uwarsa ta hanyar shiga zaman ibada na ɗan lokaci, 'ya mace sai da hidima da kuɗi. Don haka albashin Berlin ko Taipei yana zama rufin kwano, kuɗin makarantar ƙanne, taraktar hannu, fansar gonar da aka jinginar, da sadaka ga wurin ibadar ƙauye. Tailan na karɓar kusan dala biliyan 8 zuwa 10 a shekara daga waje. Mai binciken da ya auna dukiyar matar a Jamus kawai zai rubuta cewa ba ta da komai, alhali tana da gidan bene a Udon Thani.

Kada kuma a ɗauka duk mai fasfon Cek yana cikin daula. 'Yan ƙabilar Roma da suka fita zuwa Kanada da Birtaniya saboda wariya suna cikin mafi talaucin baƙi a garuruwan da suka sauka, kuma yawan neman mafakarsu ne ya sa Kanada ta dawo wa 'yan Cek da biza a 1997, ta sake a 2009. Ƙauyukan 'yan Cek na yankin Banat a Romaniya, da aka kafa a shekarun 1820, sun tsufa sun zama kango-kango, matasa sun koma Cek neman aiki.

In za ka yi kwatancin a rubuce, ka zaɓi ƙasa ɗaya, ka ɗauki waɗanda aka haifa a waje kaɗai, ka daidaita shekarun isowa, ka ware maza da mata, ka ware kuɗin mutum da na gida, ka tace 'yan gudun hijirar da aka haifa a sansanonin Tailan ta hanyar duba harshen da suke yi a gida, sannan ka raba kowa bisa takardar shigarsa: karatu, aure, kwantiragi, mafaka, ko 'yancin zirga-zirga. Ka tuna kuma marasa takarda ba sa amsa tambayar mai ƙidaya, saboda haka ƙasan al'ummar Tailan ya fi yadda alƙaluma ke nunawa zurfi. Ka tambayi abin da aka aika gida a shekara da bashin da aka ci kafin tafiya, don waɗannan biyun ba sa fitowa a ƙidayar hukuma, sai ka je wurin ibada ranar biki ko kicin bayan an rufe shago ka tambaya da kanka.